Awa Sittin a Jikin Katanga

Litinin, 3 ga Maris

Ba a ɗaure jikana ba! Alhamdu lillahi. Alƙaliya ta yanke masa aikin al'umma na awa sittin, fentin katangar asibitin unguwa. In ya yi wasa, wata uku a gidan yari. Gilashin shago ya fasa garin faɗa, ga gargaɗin 'yan sanda na bara a kansa. Lauya ya ce yanzu ƙananan laifuka haka ake yi da su. Ni da hannuna na rubuta wa kotu wasiƙa, aka karanta a gaban kowa. Makarantar yamma da na shiga ta yi rana.

Fenti kuma? Shekara arba'in ina yin sa. An kawo hukunci gida.

Laraba, 5 ga Maris

Na raka shi. Wayyo. Yana riƙe buroshi kamar zai kashe kunama. Na ce, "Abokina, shafa ake yi, ba duka ba." Ya ce, "Tsoho, kai aka yanke wa ko ni?"

Alhamis, 6 ga Maris

Na karɓi buroshin. Minti goma kacal, don in nuna masa kusurwa. To, wataƙila awa ɗaya. Jami'ar da ke sa hannu a takardarsa ta iso ta same ni a kan tsani. Ta soke awannin yau duka. "Baba, hukuncinsa ne. In na sake ganin haka, rahoto zai koma wurin alƙali."

Bai yi mini magana ba har gida. Uwarsa ta ce, "Baba, so kake ka kai shi gidan yari da hannunka?"

Asabar, 8 ga Maris

Ban je ba. Na san katangar za ta lalace.

Talata, 11 ga Maris

Na je, na zauna a benci can tsallaken titi, hannuwana a ƙarƙashin cinya. Fenti na zuba ta gefen ƙofa ina kallo. Na yi tari sau uku. Bai waiwayo ba. Can ya gani da kansa, ya goge.

Litinin, 17 ga Maris

Mai gadin asibiti ya ce alƙalan yanzu sun yi laushi, da bulala ce da an gama. Maganata ce ta da, kalma bayan kalma. Na ce ya je ya riƙe buroshi awa shida a rana tukuna.

Juma'a, 21 ga Maris

Jami'ar ta sa hannu na ƙarshe! An rufe shari'a. Na bi katangar daga farko har ƙarshe, da tabarau. Layin ƙasa ya ɗan karkace wajen famfo. Da ni ne... a'a, a bar shi haka. Ya tambaye ni ya na gani, na ce ba laifi. Ya yi dariya, ya ce daga bakina wannan lambar yabo ce.

Na buga wa gwaggonninsa da kawunnansa waya, na faɗa wa maƙwabta, har da mai shagon. Gobe da ƙarfe goma kowa ya zo ya gani. Kada wanda ya jingina, bai gama bushewa ba.