Gawayin Ɓawon Gyaɗa

Bungudu, 4 ga Janairu, 1955

Zuwa ga ƙanena Halliru,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan sai godiya.

Gyambon ƙafata bai warke ba, shekara biyu ke nan. Zafin ina iya daurewa, warin ne ya raba ni da mutane. Liman ya aiko cikin ladabi cewa in riƙa salla a gida. Na bar zaure, na koma bukkar bayan rumbu. Matata Hafsatu tana riƙe numfashi in ta kawo tuwo, tana zaton ban lura ba.

Kai da ka yi soja, ka ga duniya. In ka san wata dabara, faɗa mini. Amma kada ka ce asibiti.

Ka huta lafiya.
Yayanka, Jibril

Gusau, 15 ga Janairu

Yaya Jibril,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu.

A soja an ba mu abin rufe fuska saboda hayaƙin guba. Na taɓa buɗe gwangwaninsa, gawayi ne kawai a ciki, amma wanda aka gasa sau biyu don ya riƙa shanye wari.

Hafsatu ta cika tukunya da ɓawon gyaɗa da totuwar masara, ta liƙe murfin da laka, ta bar 'yar kafa, ta gasa har hayaƙi ya ƙare. Ta jiƙa gawayin a ruwan toka kwana ɗaya, ta shanya, ta sake gasawa har sai ya yi ja. Ta wanke sosai, ta daka, ta ɗinke cikin tsumma. A ɗaura bisa ƙyalle mai tsabta, kada ya taɓa ciwon.

Yaya, wari kawai yake ɗaukewa, ba magani ba ne.

Allah ya ba da sauƙi.
Halliru

Bungudu, 20 ga Fabrairu

Halliru,

Gaisuwa da godiya. Tukunya biyu ta fashe, ta uku ta yi! Ranar Juma'a na shiga sahun farko. Dogo mahauci ya haɗa kafaɗa da ni, bai kau da kai ba. Da aka sallame ya ce, "Malam, ashe ka warke?" Na ce masa na warke.

Allah ya yi maka albarka.
Jibril

Tsafe, 9 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Halliru, daga ƙanwarku Hajjo. Maigidana ne ya rubuta mini.

Ina gaishe ka. Na je Bungudu na kwana uku. Yaya Jibril yana zaure kullum, mutane kewaye da shi. Amma Hafsatu ta ja ni bayan ɗaki tana kuka, ta ce, "Hajjo, baƙin da ƙafar ta yi ya kusa gwiwa." Na gani da idona sa'ad da take canja ƙyalle. Yatsun ƙafarsa biyu ba ya jin su.

Ya hana ta faɗa wa kowa. In ta ƙi gasa gawayin ya koma bukka, in ta gasa ya ƙi zancen asibiti. Ta rasa yadda za ta yi.

Ka yi wani abu.
Hajjo

Gusau, 14 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Hajjo ta faɗa mini komai. Na yi magana da likita, ya ce in aka yanke ƙafar yanzu za ka rayu, in aka kai damina bai sani ba. Ni na koya maka wannan abu, kada ka sa ya zama ajalinka ta hannuna. Zan zo da mota ranar Alhamis.

Ƙanenka, Halliru

Bungudu, 17 ga Afrilu

Halliru,

Na gaishe ka. Ba ka da laifi, kuma na san abin da ke ƙarƙashin ƙyallen fiye da ku duka.

Saude ɗiyata ta haihu, suna ranar Asabar. Ina so in karɓi baƙi a tsaye, da ƙafata biyu. Kada ka zo Alhamis. Ka zo Lahadi, ka sake yi mini zancen asibitin.

Wassalam.
Jibril