Bututun da Kuka Bari a Idon Babana

Zuwa ga Babban Likita, shugaban asibitin idon da aka yi wa mahaifina aiki,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Ni malamar firamare ce a Zonkwa, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake.

Na ɗaya. Babana manomin citta ne. Hawan jinin ido ya riga ya cinye masa idon hagu, na dama kaɗai ya rage. Kuka ce sai aiki, muka amince. Likitan da kuka gayyato daga birni ya yi aikin ya koma. Ba wanda ya zaunar da mu ya ce an dasa siririn bututu a idon don rage ruwa, kuma a ciki zai zauna. Da Turanci aka yi wa Baba bayani, tsohon da ya tashi da yaren Jju, Hausar ma ta kasuwa ce. Ya yi ta gyaɗa kai don girmamawa.

Na biyu. Lokacin sussukar acca idon ya yi jajir, yana ta hawaye. Mama ta buɗe shi, ta ga wani farin abu ya leƙo. A wurinmu, in ƙaiƙayi ya faɗa ido hurawa ake yi, in ya ƙi a sa harshe. Ta sa harshe ya ƙi, ta sa bakin zane ta ja. Ashe bututunku ne ya huda fatar idon ya fito! Wa ya gaya mata?

Na uku. Muka ɗauko shi a babur zuwa asibitinku a Kafanchan, idon na fitar da mugunya. Wata nas ta daka wa Mama tsawa, wai ƙauyanci ne, ta ba mu maganin ɗigawa, ta ce mu jira likitan ya sake zagayowa. Yaushe? Ba ta sani ba. Haba! Ciwon ido ya san jira ne?

Roƙona: ku kira likitan nan yanzu, ko ku tura mu inda yake. Kuma duk wanda za ku dasa wa wannan abin, ku gaya masa da yaren da yake ji, gaban iyalinsa.

Yau da hantsi Baba yana zaune a ƙofar ɗaki, rana na dukan fuskarsa, ya tambaye ni ko gari ya waye.

Ubangiji ya kiyaye maka naka idanun, ya ba ka zuciyar gaggawa.

Wassalam,
Malama Rifkatu, 'yarsa.