Sunan da Aka Laƙaba wa Atika

Ƙanena Sanusi,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, amma ban saba yanke shawara ban rubuta ba, kuma maganar taka ce.

An cire albasarka, an kai Aliero. Inna lafiya lau, sai ciwon gwiwa. Matarka Atika ta fita takaba, ta koma gidansu a Liba. Wani malamin makaranta daga Jega ya fito neman aurenta, sai danginsa suka ja baya, wai juya ce, ta yi shekaru a ɗakinka ko ɓari ba ta taɓa yi ba.

Ka tuna lokacin da ka fara jin muryoyi, kana toshe kunne a tsakiyar gona? Da rubutu da hayaƙi suka gaza, na kai ka asibiti Birnin Kebbi. Likita ya dubi tsawonka da haɓarka da ba ta taɓa tsirar gemu ba, ya aika jininka gwaji. Ya ce an haife ka da ƙarin ƙwayar halitta, ita ta hana ka haihuwa, kuma masu irinta sun fi saurin kamuwa da wannan ciwon. A bakin ƙofa ka riƙe mini riga, ka roƙe ni kada kowa ya ji. Na yi maka alkawari.

Maganin ya karɓe ka. Da hannuna nake ba ka, har ka koma ban ruwa, ka dawo da tsokanar Inna. Da ƙafarka ta kumbura na ce tsayuwar fadama ce, na shafa maka man zafi. Ashe jini ne ya daskare a jijiya, shi ya zama ajalinka. Maganin ne, ko halittar, ko jinkirina? Likita ya ce ba mai iya rabewa.

Sanusi, Atika ta sani? Ina zaton ta gane, don ba ta taɓa kare kanta ba. Ko Inna ta yaɓa mata magana, sai ta sunkuyar da kai. Ta rufa maka asiri kana raye. Sai kuma ta ci gaba da ɗaukar sunan nan kana ƙarƙashin ƙasa?

Gobe zan je in gana da babanta. Ba zan faɗi sunan larurar ba, zan ce rashin haihuwar daga wajenmu ne. Wataƙila cin amana ne. Na auna ta kowane gefe, ban ga yadda zan cika maka alkawari ban zalunce ta ba.

Ka yafe mini. Allah ya kai haske kabarinka.

Yayanka, wanda ya riƙe sirrinka iya ƙarfinsa,
Garba