Sunan Baba a Kan Mitar Wuta

Daga:
Pande Naumoski,
Gida mai lamba 14, Ƙauyen Dolno Brestovo,
Makedoniya ta Arewa.

Laraba, 24 ga Afrilu, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Hulɗa da Masu Amfani da Wuta,
Ofishin Shiyya, Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: CIRE SUNAN MAHAIFINMU, MARIGAYI VANGEL NAUMOSKI, DAGA MITAR GIDANMU BA DA IZININ KOWA BA, DA JININ DA AKA ZUBAR A DALILIN HAKA

Bayan gaisuwa ta ban girma, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da ma'aikatanka, ni Pande Naumoski, ɗan shekara hamsin da uku, mai kai cuku da ƙwai kasuwa, ina gabatar maka da wannan ƙorafi cikin ladabi. Aji huɗu na yi a makaranta, ban iya kwana-kwana da magana ba. Idan ka ga kalma ta fito da kaushi, a yi mini afuwa, haƙarƙarina uku ne a karye, ko numfashi da lissafi nake yin sa.

1. Gidanmu ɗaya ne, ƙofa uku. Ni da iyalina a hagu, yayana Metodi da nasa a dama, tsohuwarmu Menka mai shekara tamanin da ɗaya a ɗakin tsakiya. Mahaifinmu ya rasu shekara tara ke nan, ba mu raba gida ba, ba mu je gaban alƙali ba, ba mu da niyyar zuwa muddin tsohuwa tana da rai. Mita ɗaya ce, da sunan Baba. Kada a ce wannan baƙon abu ne. Rabin mitocin ƙauyenmu sunan matattu ne a kansu, kuma ban taɓa jin kamfaninku ya ƙi karɓar kuɗin mamaci ba. Kowa ya san dalili: a nan, wanda sunansa ya hau takardar wuta shi ne ya fara miƙa hannu ga gida. Da takardun wuta na shekara goma wani maƙwabcinmu ya raba ƙanwarsa da gidan ubansu a kotu, har yau ba ta taka ƙauyen.

2. A watan Fabrairu na bana 'yata Zorka, wadda take aiki a Jamus, ta aiko mini da 'yar motar kaya mai aiki da lantarki, ta hannu, domin tsohuwar motata ta mutu murus. Ita ce ta zauna da ni a waya ta karanta mini tsare-tsaren farashinku ɗaya bayan ɗaya, har muka tsaya kan mai farashi biyu, wanda wuta take araha daga ƙarfe ɗaya zuwa uku na rana, da dare, da ranar Lahadi. Ya dace da ni, domin da tsakar rana nake dawowa daga kasuwa, in jona mota, in ci abinci, in sake fita da la'asar. Ba ni da ƙorafi a kan tsarin, yana yin abin da aka ce zai yi. Kafin in taka ofishinku sai da na sami Metodi a teburin tsohuwa na gaya masa. Ya ce in canza farashi in ga dama in canza har launin mitar, amma kada in taɓa sunan Baba. Na ba shi hannu a kan haka, tsohuwa tana kallo.

3. Ranar Litinin 4 ga Maris na zo ofishinku, taga ta uku, wurin wata ma'aikaciya da aka rubuta Vesna a ƙirjin rigarta. Ta ce mai mita ya zo ya sa hannu. Na ce mai mita yana maƙabartar bayan coci shekara tara, ba ya fitowa. Ta ce to in kawo takardar mutuwarsa da katina. Ranar Laraba 6 ga Maris na kawo. Ta buga abin da za ta buga, ta turo mini takarda uku, ta yi alama a inda zan sa hannu. Sau uku na tambaye ta ko wannan zai taɓa suna. Sau uku ta ce farashi ne kawai, na ukun ma ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Kawu, akwai mutane a bayanka." Na sa hannu. Ban karanta ba, wannan laifina ne, na ɗauka. Shafi guda yakan ci mini rabin awa, ga layi har bakin ƙofa. Amma wanda bai iya karatu da sauri ba tambaya yake yi, kuma na tambaya. Ranar 18 ga Maris ma'aikatanku suka zo suka sa sabuwar mita, su ma ba su ce mini komai ba.

4. Ranar Talata 9 ga Afrilu takardar wuta ta farko ta iso. Kiro mai raba wasiƙu, wanda bakinsa ya fi jakarsa nauyi, bai kawo ta gida ba. Ya tarar da Metodi a shagon gahawa na bakin dandali cikin mutane, ya ajiye masa ita a kan tebur, ya ce, "Metodi, ga wasiƙar mai gidanku, ka kai masa. Ka gaishe shi da kyau, kada ya ƙara maka kuɗin haya." Aka yi dariya. A inda sunan Vangel Naumoski yake zama tun kafin a haife ni, an rubuta Pande Naumoski. Ni ban san da wannan ba, ina gida ina cin wake.

5. Da misalin ƙarfe biyu saura kwata na ranar, mota tana jone a tsakar gida, Metodi ya shigo. Ya wuce rumfar itace ya ɗauko gatari, ya sara wayar caji da wuta a cikinta. Wuta ta yi tsalle, ta ƙone masa gira da bayan hannun dama, bakin gatarin ya yi baƙi. Wannan bai tsayar da shi ba. Ya fasa gilashin gaba, ya fasa fitila, ya sara ƙofa sau biyu. Na fito da cokali a hannu na ce, Yaya, hauka kake yi? Ya jefa mini takardar a fuska ya ce, "Karanta, ɓarawo. Au, na manta, sa hannu kawai ka iya." Sai ya juya gatarin ya maka mini ƙotar a haƙarƙari. Na ji ƙarar ƙashi kafin in ji zafi. Na faɗi, ya bi ni da takalmi, ya tsaga mini kunnen hagu, jini ya cika mini wuya.

Ranka ya daɗe, ba zan yi maka ƙarya ba, domin ba a kaina kaɗai aka yi ɓarna ba. A bayan motar akwai ƙarfen sikeli mai kilo biyu da nake auna cuku da shi. Hannuna ya kai gare shi. Na tashi na buga wa yayana a muƙamuƙi da iya ƙarfina. Mutumin da ya goya ni ya tsallake kogi da ni ina ɗan shekara biyar, na ga haƙoransa biyu a ƙasa cikin ƙwan da ya fashe. Kuma da na ga ya durƙusa ban tsaya ba, na ɗaga zan ƙara.

6. Tsohuwa ce ta shiga tsakaninmu. Ta fito da sandarta tana kiran sunayenmu na yarinta, ta riƙe mini hannu. Na fizge. Ban san ita ba ce, ko kuwa na sani, wannan tsakanina da Allah ne. Ta faɗi a kan matakalar siminti, ƙashin ƙugunta ya karye. Ba ta yi kuka ba. Tana kwance ta miƙa hannu ta ɗauki takardarku daga ƙasa, ta kai ta kusa da ido, ta tambaye mu ina sunan mijinta. Mota ɗaya ta asibiti ta kwashe mu mu uku. An sa wa tsohuwa ƙarfe a ƙugu. An ɗaure wa Metodi baki da waya, ta ɗan bututu yake shan miya, sai nan da mako shida zai iya magana. Da ɗan sanda ya zo na ce daga tsani na faɗo. Metodi ya rubuta masa a takarda cewa shi ma daga tsani ya faɗo. Ɗan sandan ya ce tsanin nan ya yi aiki yau, ya rufe littafinsa. Ba mu kai juna ƙara ba, ba za mu kai ba. Amma kada ka ɗauka wannan sulhu ne.

7. Ranar Litinin 15 ga Afrilu, da ɗauri a ƙirji, na koma taga ta uku. Malama Vesna ta ce ba ta tuna ni ba. Ta ce na'ura ba ta karɓar sabon tsari da sunan mamaci, dole ta sa sunan mai rai, kuma yana rubuce a shafi na biyu. Na ce me ya hana ta faɗa mini da baki ranar da na tambaya? Ta ce ga sa hannuna. Na ce to a mayar da sunan Baba, in koma tsohon farashi, in sayar da motar in ya kama. Ta ce wanda aka fitar a matsayin mamaci ba ya komawa. Na buga gilashin tagar da tafin hannu, ban fasa ba, mai gadi ya fitar da ni yana riƙe da ni daidai inda ya karye. Ranar 22 ga Afrilu na sake zuwa, a natse, na ce a sa sunan tsohuwa, tunda ita tana da rai kuma babu ɗanta da zai yi jayayya da sunanta. Aka ce ana iya yi, amma ta zo da ƙafarta ta sa hannu a taga. Na ce ƙafar ce babu. Aka ce haka doka take. Na nemi a ba ni ko layi biyu a rubuce cewa ban nemi canjin suna ba, in nuna wa yayana. Aka ce in rubuto wa shugaba. Ga shi na rubuto.

8. Halin da ake ciki yanzu shi ne, Metodi da ƙanin matarsa sun ja katangar bulo ta raba tsakar gida biyu, daga ƙofar waje har bangon gida. Da hannu ɗaya ya yi ta miƙa bulo. Ya auna rabi daidai, kuma rabin gidanmu yana faɗawa ne a tsakiyar ƙofar tsohuwa. Abin da ya rage ta kowane gefe mutum sai ya karkata yake shiga. Keken marasa lafiya ba zai wuce ba, gadon ɗaukar majinyaci ba zai wuce ba. Na tura masa takarda ta saman katanga cewa ban sani ba, na rantse da kabarin Baba. Ya dawo mini da ita, ya rubuta a baya: "Kawo hatimi." Ba zai yarda da bakina ba, ba zai yarda da na limamin coci ba, sai takardar da ta fito daga inda waccan ta fito. In na taɓa bulo ɗaya kafin nan, ɗayanmu zai bi Baba, ɗayan ya tafi kurkuku. Na san shi, ya san ni.

Likita ya ce ranar Alhamis 2 ga Mayu za a sallami tsohuwa, kwana uku kafin bikin Ista na cocinmu. Ba ta san da katangar ba. Duk ranar da na je duba ta sai ta tambaye ni ko an sayi jan rinin da muke rina ƙwan Ista da shi, sai in ce an saya.

Saboda haka nake roƙon mai girma shugaba, cikin ƙanƙan da kai, da ya yi waɗannan abubuwa kafin ƙarshen ranar Talata 30 ga Afrilu, tunda Laraba hutu ce:

Na ɗaya, a ba ni takarda mai hatimi da sa hannunka, wadda ta ce farashi kawai na nema, ofishinku ne ya canza suna. A rubuta ta gajeriya da manyan baƙaƙe, yadda ni da Metodi za mu iya karantawa ba sai an taya mu ba.

Na biyu, a tura ma'aikaci da fom zuwa asibitin gunduma, ɗakin mata na ƙashi, gado na shida, Menka Naumoska ta sa hannu mita ta koma sunanta. Hannunta lafiya lau yake. Ni zan kai ma'aikacin in dawo da shi, motar tana tafiya ko da babu gilashi.

Ban nemi kuɗin waya ba, ban nemi na gilashi ba, ban nemi a kori kowa ba. A dai gaya wa ta taga ta uku, idan mutum ya tambaye ta abu sau uku, ta ɗago kai ta dube shi.

Idan Talata ta wuce ban ga kowa ba, to ranar Alhamis ba ni da inda zan kai tsohuwa. Zan shimfiɗa mata katifa a bayan mota, in ɗauko ta daga asibiti kai tsaye zuwa ofishinku, in kwantar da ita a ƙasa gaban taga ta uku, a miƙo mata takardar ta sa hannu kamar yadda doka ta ce. Zan gaya wa Metodi ranar da sa'ar, domin uwarsa ce shi ma. Zai zo. Ba ya iya magana yanzu, kuma ban san abin da zai riƙo ba. Wannan ba barazana ba ce, ranka ya daɗe, ina sanar da kai ne tun da wuri, abin da ni ba a yi mini ba.

Ina roƙon a karɓi wannan takarda a buga mata hatimin karɓa da kwanan wata. Na haɗa da kwafin takardar wuta ta watan Maris, tabon da ke gefenta jini ne, da takardun asibiti guda uku. Allah ya ƙara girma, ya tsare maka zumuncin gidanka.

Naka cikin ladabi da biyayya,

Pande Naumoski,
ɗan marigayi Vangel, ƙanin Metodi.