Filin Baba Na'Allah

Dogarawa

Zuwa ga Yaya Hayatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali, da aikin kamiyon da ke jigilar siminti. Wayata ta mutu, shi ya sa na ba direban tasha takardar nan.

Yaya, raina a ɓace yake. Yara ashirin ka saya wa mayo, rigunan ƙwallo, da guminka, amma jiya huɗu suka zo antirenma, wato atisayen ƙwallo, ɗaya ma da silifa. Na tsaya da usur a wuya kamar mai tallan magani, mata masu ɗebo ruwa na yi mini dariya. Na sa su biyu da biyu, ni na shiga gola, da wannan tumbin nawa. Ko Mutari, kyaftin ɗinsu, sai ya ga dama, kuma in ya zo yana hamma.

Ga Baba Na'Allah, mai filin da ya ara mana. Ya ce in ba ma so zai shuka abinsa. Kwanaki ya nemi yaran su yi masa gayyar kai taki gonarsa ta gabas, na hana, na ce 'yan ƙwallo nake horarwa, ba jakuna ba. In suka ƙara yi mini haka, ni da bakina zan mayar masa da filin.

Ka gaida Ikilima da yara.
Ƙanenka, Maikano

Malbaza

Ƙanena Maikano,

Bayan gaisuwa, mun yi dariyar tumbinka a gola har Ikilima ta ƙware. Amma kada ka taɓa zancen filin nan da tsoho. Ba wani fili shimfiɗaɗɗe a garin sai shi. Ka kira Mutari gefe ka tambaye shi a hankali, ban da tsawa. Na san halinka tun kana rarrafe.

Allah ya huci zuciyarka.
Hayatu

Dogarawa

Yaya,

Ina gaisuwa. Ni zan bi yaro da lallashi? Ran Laraba mutum biyu suka zo. Biyu. Bayan la'asar na tari Baba Na'Allah a ƙofar masallaci, gaban jama'a, na ce ya ɗauki filinsa, mun gode. Ya dube ni ya ce, "Kai ka faɗi, ɗana?" Na ce ni na faɗa. Washegari ruwa ya sauka, kafin hantsi tsoho ya shuke filin kaf. Yanzu su je su buga a kan titi, su san darajar abin da suka raina.

Wassalam,
Maikano

Malbaza

Maikano,

Gaisuwar ma da ƙyar nake yin ta. Mutari ya hau mota ya zo har gidana, ya kasa cin tuwo don kuka. Ka san inda yaranka suke duk yammacin da kake ta busa usur? Suna gonar gabas suna jidar taki. Sun daidaita da tsoho cewa in suka gama, filin nasu ne har bayan damina. Suka raba kansu, wasu gona, wasu wajenka don kada ka zauna kai ɗaya. Sun ɓoye maka saboda ka rantse za ka kori duk wanda ya je. Saura amalanke kaɗan su gama, ka je ka kyautar da wahalarsu a ƙofar masallaci.

Kuma ka sani, iri in ya shiga ƙasa ba mai taka shi sai an yi girbi. Ko maigari ba zai roƙa maka ba. Na ji haushinka ƙwarai.

Hayatu

Dogarawa

Yaya,

Na gaishe ka. Gero ya tsiro har tsakanin sandunan gola. Jiya duka ashirin suka zo, sanye da mayo, suka tsaya bakin gonar. Ban iya busa usur ba.

Tsoho ya ce in mun yi masa noman fari da maimai, zai duba maganar bayan girbi. Ka aiko mini da hauya mai ƙwari.

Ƙanenka,
Maikano