Hauyar Kakana da Rubutun da Ke Ƙarƙashinta

Zuwa ga Shugaban Gidan Tarihi na tsohon birni,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukkan ma'aikatanka.

Sunana Rabi, malamar lakwal ce ni, wato makarantar boko, a Madarumfa. Na rubuto maka a fili ne saboda godiyar da ke bakina ta fi ƙarfin a yi ta a ɓoye, kuma ƙorafin da ke biye da ita ba nawa ba ne ni kaɗai.

Bayan girbin bana na kawo kawuna Nomau, yayan mahaifiyata, daga karkarar Gabi zuwa birninku don a duba masa ido. Likita bai ɓoye mana ba: ganin da ya rage kaɗan ne, kuma ba zai daɗe ba. Ni na fito ina share hawaye. Shi kuwa sai ya ce tun da haka ne, a kai shi ya ga hauyar ubansa tun idon yana aiki. Kakana ya taɓa noma dami dubu na hatsi a damina guda, aka yi masa bikin dubu, aka naɗa shi Sarkin Noma. Bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka ba masu tattara muku kayan tarihi hauyarsa da hannunsu. Ba sace ta aka yi ba, ban kuma zo karɓarta ba.

Na ɗaya, na gode da hanyar ƙafa da kuka shata a cikin tsohon gari. Na tsayar mana da kabu-kabu, Kawu ya ƙi hawa, wai shi bai taɓa sanin gona daga bisa babur ba. Haka muka bi alamun da kuka zana a jikin bango, daga ƙofar gari zuwa gindin ganuwa. Ya shafa ginin, ya murje ƙasar a yatsunsa, ya yanke hukunci cewa maginan ba su yi rowar ciyawa ba. Marina kuwa tun kafin in nuna masa ya gane ta da hanci. Ni da takalman zuwa aji ƙafata ta yi bororo, yana ta tsokanata wai karatu ya cinye mini dugadugai. Bencinan da kuka ajiye a inuwa, da randar ruwa a gefen tsohon masallaci, su suka rufa mini asiri a gaban tsoho. Duk wanda ya kawo wannan shawara, Allah ya shayar da shi.

Na biyu, na gode da matashiyar ma'aikaciyarku da ta zaga da mu. Ban tambayi sunanta ba, kuma ina nadamar haka. Da ta ga Kawu ba ya jin Faransanci sai ta koma Hausa, tana ce masa Baba, ba ta hanzarta shi ko sau ɗaya ba. Da muka isa ɗakin kayan noma gilashi ya hana shi gani, ta kunna fitilar wayarta ta haska masa. Ya gane hauyar da jar fatar da aka naɗe ƙotarta da ita. Ya tuɓe takalma, ya tsuguna, ya gaishe ta yadda yake gaida ubansa.

Daga nan ya zaro zangarniyar hatsi daga aljihu, domin a wurinsu ba a zuwa gun uba hannu wofi bayan girbi. Ni kuwa na san dokarku ta hana ajiye abinci kusa da kayan, gudun ƙwari. Yarinyar nan ba ta yi dariya ba, ba ta kuma kira mai gadi ba. Ta durƙusa, ta yi masa bayanin ƙwarin, ta karɓi zangarniyar da hannu biyu, ta ce in ruwa ya sauka za ta shuka ta a tsakar gidan. Wanda ya yi mata tarbiyya ya yi aiki, wanda ya ɗauke ta aiki ma bai yi kuskure ba.

Na uku, ga ƙorafina. Kawu ya hango farin allo a ƙarƙashin hauyar, ya ce in karanta masa. Ya zaci sunan ubansa ne. Babu suna, babu gari. Abin da ke rubuce da Faransanci shi ne wannan kayan aikin wasu manoma ne masu bin addinin gargajiya, waɗanda suka riga suka ƙare. Na so in tsallake wannan layin, amma ban saba yi masa ƙarya ba, sai na fassara masa yadda yake.

Ranka ya daɗe, ni Musulma ce, haka mahaifiyata. Ba na bin addinin gargajiyar da Kawu yake bi, ban kuma roƙe ka ka yabe shi ba. Gaskiya ne gidajensu sun ragu ƙwarai, kuma an daɗe ba a yi bikin dubu a wajenmu ba. Amma raguwa daban, ƙarewa daban. Mutumin da allonku ya ce ya ƙare yana tsugune a gabansa, ƙafa ba takalmi. Ya miƙe. Ya sa takalmansa, muka fito, na tsayar da kabu-kabu, ya hau ba musu. Wannan hawa babur ba gardama ya ƙona mini rai fiye da maganar likita.

Ga roƙona. A gyara allon, a ce har yanzu akwai su a karkarar Gabi. A sa sunan mai hauyar da na garinsa, a kuma ƙara da Hausa don masu kayan su ji abin da ake faɗa a kansu. In kuna son tabbaci, ku aiko mutum. Daga tashar Madarumfa ni zan raka shi, Kawu kuma zai ba shi labari har ya gaji.

Ban ɗauka da mugun nufi aka rubuta ba. Mutanen da suka ajiye wa baƙo randa ba za su binne shi da gangan ba. Sai dai a yi da wuri. Idon Kawu ya rufe gaba ɗaya yanzu, kuma duk zuwan da na yi gaishe shi, tambayarsa ta farko ita ce ko mutanen birni sun san yana nan. Ba zai ga sabon allon ba. Ina so ne in karanta masa shi tun yana da kunnen ji.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci aikinku, ya saka wa yarinyar nan da mafificin alheri.

Wassalam.

Taku mai godiya,
Rabi, daga Madarumfa