Ƙarfen Kamyo Ne Ke Shan Jinin Maigidana?

Gwaggo mai ba da shawara, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa bai yi mini dariya ba.

Maigidana ɗan kokawa ne, duk Waca an san shi. Bara wani ƙato daga Mallawa ya kayar da shi a gaban jama'a, tun ranar bai sake cin tuwo da daɗi ba. Sai Baba Tamu, tsohon sojan Faransa da ya dawo gida, ya ce masa a bariki ƙarfe ake ɗagawa a yi ƙarfi. Suka bi hanyar Magariya, suka kwanto wani dogon ƙarfe daga ƙarƙashin mataccen kamyo, wato babbar motar kwasar gyaɗa, suka kawo mini shi tsakar gida.

Kullum da safe yana ɗagawa yana nishi, har awakina sun ƙaurace wa wurin. Ba zan yi ƙarya ba, Gwaggo, ya yi kyau. Rigar sallarsa ba ta shigarsa, ni ma nakan leƙe shi ta zana in ina daka.

Amma tun ƙarshen damina, bayan ya tashi daga zazzaɓi, in ya miƙe sai jiri. Zuwa rijiya kawai yana haki. Tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari. Jikinsa na tsami, don haka duk ranar kasuwa wanzami ke yi masa ƙaho, wai a cire mataccen jini. Ya daina cin wake da ganye, wai suna sa nauyin ciki, sai fura da tuwo.

Inna, mahaifiyarsa, ta ce maita ce, ta ɗora wa Ƙande maƙwabciyarmu, tsohuwar da ta karɓi haihuwata. Ta hana ni gaishe ta, ni kuwa kunya kamar in nutse. Ni ƙarfen nake zargi. Ran nan da maigidana ya tafi gona, ni da ƙanwarsa Gimbiya muka ce mu ja ƙarfen mu jefa a kududdufi. Ko motsi bai yi ba, ni ce na kwana da ciwon baya.

Ana gama girbi zai sake karawa da mutumin Mallawa. Ƙarfen ne ke shan jininsa? Yaya zan yi?

Matar ɗan kokawa, Waca

'Yata, ki kwantar da hankalinki, ki kuma bar ƙarfen nan kafin ki karya ƙugu. Ba ya shan jini, Ƙande ma ba ta sha.

Na kai maganarki ga wani lokotoro, wato likita. Ya ce abin da ke sa jini ja, yake kai ƙarfin numfashi ko'ina a jiki, da ɗan sinadarin ƙarfe ake gina shi, kuma daga abinci ake samunsa. Mai ɗaga nauyi jikinsa na ƙaruwa, yana neman jini fiye da da. In yana ci da kyau, aikin alheri ne gare shi. Baba Tamu bai yi ƙarya ba, sai dai ya tuna ƙarfen bariki ya manta tukunyar bariki.

Maigidanki kuwa zazzaɓi ya rage masa jini, ya bar abincin da zai mayar, sannan yana kai ragowar wa wanzami. Jinin da ke fita a ƙaho ba matacce ba ne, tsamin jiki kuma hutu yake so.

A dakatar da ƙaho. Ya je likita a Magariya a duba jininsa da bayan gidansa, don tsutsar ciki ma na jawo haka ga masu noma ba takalmi. In an ba shi magani ya shanye. Ki dawo da wake, zogale da rama, da hanta ranar da aka yi yanka. Ya sassauta ɗagawa har jirin ya wuce.

Kada ki ce masa ya yi rauni, ba zai ji ba. Ki je wurin Baba Tamu, shi ya faɗa masa. Inna kuma tsoro ne ya sa ta magana, ɗanta take jiye wa. Ku tafi likita tare da ita ta ji da kunnenta. Kafin nan, ki leƙa ki gaida Ƙande, zargin nan ya fi jiri nauyi ga tsohuwa.

In girbi ya zo bai murmure ba, ya bari sai baɗi, mutumin Mallawa ba gudu zai yi ba. Allah ya ba shi lafiya, ya sa ki yi guɗa a bakin fili.

Gwaggonki